Yadda cunkoson 1986 ya haifar da kayan auna data a sabar

1/ Duk wanda ya taɓa buga iftop a sabar don ya ga wa ke shanye masa data, to yana cin moriyar wata matsala ce da ta auku a 1986. Ku gyara zama 🧵

2/ Oktoban 1986, a Kalifoniya. Tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Berkeley yadi 400 ne kacal. Layin da ke ɗaukar bit 32,000 a daƙiƙa sai ya faɗo zuwa bit 40. Arba'in fa! Haruffa biyar kenan a daƙiƙa.

3/ Kuma waya ba ta tsinke ba. Cunkoso ne. Fakitin bayanai na ɓacewa a hanya, kwamfutoci na sake turo su babu ƙaƙƙautawa, layi na ƙara cushewa. Kowa na neman wucewa, ba mai wucewa.

4/ Van Jacobson ya duƙufa a kai. A 1988 ya fitar da gyaran TCP: a fara turawa a hankali, a riƙa ƙarawa, da an ga fakiti ya ɓace a ja baya. Har gobe intanet na tafiya a kan wannan dabarar.

5/ Amma ta yaya za ka gyara abin da ba ka gani? A shekarar dai, shi da Craig Leres da Steven McCanne suka rubuta tcpdump, wanda ke nuna fakitocin da ke wucewa, layi-layi a allo.

6/ A 1994 aka ware ɓangaren da ke kamo fakitin ya zama libpcap. A kansa aka gina Ethereal a 1998, wato Wireshark na yau. Shi ma iftop da shi yake aiki.

7/ Akwai zuriya ta biyu, masu ƙirge. A 1995 Tobias Oetiker ya rubuta MRTG a Jami'ar De Montfort da ke Ingila, don a riƙa ganin nauyin da ke kan layinsu na 64k a zane. Shi ba ya leƙa fakiti, alƙaluma kawai yake karɓa daga na'ura.

8/ Irin tsarin vnStat kenan: yana karanta ƙidayar da Linux ya riga ya tara, ya adana ta awa-awa, rana-rana, wata-wata. Shi ya sa ba ya wahalar da sabar.

9/ To ga bambancin. vnStat zai gaya maka nawa aka sha da yaushe. iftop zai gaya maka wane adireshi ke sha yanzu-yanzu. In ka fara binciken bayan data ta ƙare, iftop ba abin da zai tuna maka.

10/ Saboda haka ka girka vnStat tun ranar farko. Kafin ka ce "ai netwok ne", auna tukuna. Su Jacobson ma da kallon fakiti suka gano laifin na TCP ne.