Daga Ɗakin Cin Abinci Rigimar Take Farawa

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu.

Makon jiya aka liƙa sanarwa a ƙofar hostal ɗinmu, cewa jami'a ta kafa kwamiti zai duba rayuwar ɗalibai: wurin kwana, abinci, da malaman da ake ba mu su riƙa ba mu shawara. An ce duk mai koke ya rubuto. Na kai maganar masallaci bayan la'asar, sai wani ɗan uwa ya ce, "Malam, mu baƙi ne, karatu ya kawo mu." Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari mu ɗan waiwaya baya.

A farkon 1971 ɗaliban Jami'ar Ibadan da ke kwana a ɓangaren Nnamdi Azikiwe suka yi ta kuka da yadda ake tafiyar da ɗakin cin abincinsu. Abinci fa, ba siyasa ba. Ba a share musu hawaye ba, abu ya zama zanga-zanga, aka kira 'yan sanda. Ranar 1 ga Fabrairu harsashi ya kashe wani ɗalibi, Kunle Adepeju. Sai bayan nan gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Kazeem. Har yau ginin ƙungiyar ɗaliban Ibadan sunan yaron nan yake amsawa.

A 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka ƙara kuɗin abincin ɗalibi na yini daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Sule biyar kenan. Hukumar jami'o'i, wadda Dakta Jibril Aminu ke riƙe da ita, ita ta sanar, amma kan kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali fushin ya sauka, ɗalibai suka ce sai ya tafi. Segun Okeowo ne shugaban ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a lokacin. A watan Afrilu aka harbe Akintunde Ojo a Legas, kwanaki kaɗan bayan haka aka kashe ɗalibai a Zariya. Ku lura da wannan: jinin Legas da na Samaru rana ɗaya kusan ya zuba, a kan kwanon abinci guda. Ba wanda ya ce shi baƙo ne. Nan ma kwamiti aka kafa, na Mai Shari'a Usman Mohammed. Aka haramta ƙungiyar ɗalibai, shugabannin jami'o'in Legas da ABU, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, suka rasa kujerunsu.

A 1986 kuma ɗaliban ABU suka fito tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Hukumar jami'a ta hukunta shugabanninsu, har da zargin cewa jerin gwanon ya shiga hostal ɗin mata. Rigima ta tashi, 'yan sanda suka shigo, aka sake rasa rayuka. Sai ga kwamitin Janar Abisoye.

Sau uku kenan ana ihu bayan hari. A tsakanin nan gwamnati ta zare hannunta daga ciyar da ɗalibai, aka bar mu da masu buka da risho. In ka ji iyayenmu na labarin kaza ranar Lahadi da shayi da safe, ba ƙarya suke ba, an yi. Wurin kwana ma haka. Kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu da ya zagaya jami'o'in gwamnati a 2012 ya tarar gadajen da ake da su kusan ɗalibi ɗaya cikin goma kawai za su ɗauka.

Abin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne, ba kasafai ake tambayar ɗalibi damuwarsa kafin a yi ɓarna ba. To yau an tambaye mu tun ba a fasa gilashi ko ɗaya ba, mu kuma muna shirin yin shiru.

Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa zai faɗa wa kwamitin nan cewa in an ba da hutun kwana huɗu aka ce a fice daga hostal, mu da gidanmu ke Yobe ko Sakkwato hanya kaɗai za ta cinye hutun? Ni da kaina na kwana uku a barandar masallaci da jakata saboda haka. Wa zai ce musu da azumi masu abinci sun rufe tun dare, an kuma hana girki a ɗaki, sahur sai gari da suga? Wa zai yi maganar ƙannenmu mata da ke kama haya a cikin gari, inda ba su jin yaren mai gida? Ko ɗan aji ɗaya da ya shekara bai taɓa ganin fuskar malamin da aka ce shi ne mai ba shi shawara ba, har ya yi rajistar kwas ba daidai ba? 'Yan kwamitin ba mugaye ba ne, ba su sani ba ne kawai.

Ban ce duk abin da muka rubuta za a yi ba. Rahotanni da yawa sun sha ƙura a durowa. Amma wanda bai rubuta ba, ko durowar ma ba zai shiga ba.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna mu haɗa takarda ɗaya, Musulmi da Kirista, maza da mata. Kowa ya zo da matsalarsa a rubuce, da shawarar yadda za a gyara. Waɗanda ke wasu jami'o'in, ku duba allon sanarwarku. Allah Ya ba mu abin da muka zo nema, Ya mai da mu gida lafiya.