Ba Ke Ce Ba Ki Iya Ba, Inna

Na taɓa jinyar wata dattijuwa a gidanta a unguwar Irving Park, nan Greensboro. Baturiya ce mai boko, amma manhajar duba sakamakon gwajin jini ta gagare ta. Tun ranar na daina ganin laifin mahaifiyata idan ta ce, "Ni fa wayar nan ba na gane mata."

Abin ya daɗe. Lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen B-17 na Amurka sun yi ta haɗari wajen sauka, ana ɗora wa matuƙa sakaci. A 1943 Alphonse Chapanis ya lura cewa makunnin tayoyi da na fiffike kamarsu ɗaya, ga su dab da juna. Da aka sauya musu siffa yadda hannu zai bambance su, sai matsalar ta lafa. Ashe gyaran na na'ura ne.

Mu ma'aikatan lafiya mun ga namu. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin kansa Therac-25 ta zuba wa mutum shida haske fiye da ƙima, wasu suka rasu. Allonta lambar kuskure yake nunawa, babu bayanin da mai aiki zai fahimta.

A shekarun nan ne hanyoyin auna sauƙin manhaja suka kafu. A 1982 Clayton Lewis na IBM ya bayyana dabarar zaunar da mutum yana aiki yana faɗin abin da ke ransa, ana lura da inda ya tsaya. A 1986 John Brooke ya tsara tambayoyi goma masu ba da maki daga 0 zuwa 100. A 1990 Jakob Nielsen da Rolf Molich suka kawo hanyar da masana ke bin manhaja da jerin ƙa'idoji, kamar yadda muke zagayen gadaje. Daga baya Nielsen ya ce gwaji da mutum biyar yakan fallasa yawancin matsaloli.

Dokar HITECH ta 2009 ta tura asibitocin Amurka ga kwamfuta. Bayan kimanin shekara goma, wani bincike a mujallar Mayo Clinic Proceedings ya nuna likitoci sun ba manhajojinsu maki 45.9 a ma'aunin Brooke. Faɗuwa ke nan.

To 'yan'uwa, idan likita ma yana kuka, don me iyayenmu za su ji kunya? Wanda bai gane umarnin magani a waya ba, ya nemi tafinta, ya ce a buga masa a takarda. Kada kunya ta sa a sha magani bisa kintace.