Zane a Matsayin Shaidar Tarihi: Babban Mashigin Ruwan Birnin Benis

Manazarta tarihi sun saba dogara da rubutattun takardu da zancen baka, ba kasafai suke ɗaukar zane a bakin shaida ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna amfanin zane da kuma iyakarsa, ta hanyar duba hoton birnin Benis na ƙasar Italiya wanda Jacopo de' Barbari ya zana, wani ɗan kasuwa Bajamushe mai suna Anton Kolb ya buga a shekarar 1500.

An sassaƙa zanen a kan alluna 6 na katako, aikin da ya ci shekara 3. Faɗinsa ya kusa mita 3, kuma allunan suna ajiye a gidan tarihi na Correr. Mai kallo yana hangen birnin daga sama, babban mashigin ruwan da ake kira Canal Grande ya ratsa tsakiyarsa yana lanƙwasa kamar maciji. An fito da gidajen da ke gaɓarsa ɗaya bayan ɗaya, har da tagogi da matakalai da kwalekwale.

Darajar wannan aiki tana cikin abubuwan da suka shuɗe bayansa. Gadar Rialto, wadda ita kaɗai ta ƙetare mashigin a lokacin, ta katako ce a zanen, ana ɗaga tsakiyarta domin jirage su wuce. Ta dutse da ta maye gurbinta sai a 1591 aka kammala ta. Masaukin fataken Jamus da ke gefenta ya ƙone a 1505, kasuwar Rialto kuma a 1514. Wanda ke son sanin kamanninsu na dā, da wuya ya sami abin da ya fi zanen nan.

Sai dai kuma a yi hattara. Nazarin da Juergen Schulz ya wallafa a 1978 ya nuna ma'aunin zanen bai daidaita ba, domin an matse wasu sassan birnin. Haka kuma mai zanen ya sanya gumakan ciniki da teku na Rumawa suna tsaron garin. Ke nan yabo ya cuɗu da bayani.

Saboda haka wajibi ne manazarci ya yi wa zane irin tankaɗen da yake yi wa waƙar fada: ya karɓi abin da wata shaida ta tabbatar, sauran kuma ya ɗauke shi a matsayin yadda mutanen Benis suka so a gan su.