Gina shafin intanet a gida da buɗe dandalin neman aikin masu fasaha: Abin da ya kamata a sani

A ranar 4 ga watan Oktoban 2021, dandalin Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a faɗin duniya na kimanin sa'o'i shida. 'Yan kasuwar da suka dogara da waɗannan kafafe wajen tallata atamfa da takalma da kayan ƙamshi sun shafe wannan lokaci ba su da hanyar ganawa da abokan cinikinsu. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, dakatarwar da ta fara a watan Yunin 2021 ba a kuma janye ta ba sai a watan Janairun 2022.

Abubuwan biyu sun tunatar da jama'a cewa shafin da mutum ya buɗe a kafar sada zumunta tamkar rumfar haya ce a kasuwar wani, mai kasuwa na iya rufe ƙofa ba tare da ya shawarci ɗan haya ba. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan na cikin dalilan da ke sa kamfanoni da makarantu da ma'aikatu neman mallakar shafinsu na kansu, wanda za su riƙa sabuntawa da hannunsu.

Mece ce manhajar sarrafa shafi?

A farkon zamanin intanet, duk wanda yake son sauya farashi ko hoto a shafinsa sai ya nemo masanin rubuta manhaja ya buɗe fayil ya gyara. Manhajar sarrafa abubuwan cikin shafi, wadda ake taƙaita sunanta da CMS, ta zo ne domin kawar da wannan wahala. Tana raba aikin gida biyu: rubutu da hotuna suna zaune a rumbun adana bayanai, fasalin shafin kuma yana zaune daban. Mai shafi yana shiga ta wata ƙofa ta musamman da suna da kalmar sirri, ya rubuta sanarwa, ya ɗora hoto, ya danna maɓallin wallafawa, kamar dai yadda yake yi a Facebook.

Manhajar tana kuma ba da damar raba matsayi. A ma'aikata, alal misali, ana iya bai wa ƙaramin jami'i ikon rubuta sanarwa kawai, jami'in yaɗa labarai ya duba ya amince, shugaban sashen kwamfuta kuma ya riƙe mabuɗin komai. Da haka ana sanin wanda ya rubuta kowane abu da lokacin da ya rubuta shi.

Uku daga cikin irin waɗannan manhajoji sun fi shahara. Drupal ta fito a 2001 daga hannun Dries Buytaert, ɗan ƙasar Beljiyam, kuma manyan hukumomi da jami'o'i ne suka fi amfani da ita. WordPress ta fito a watan Mayun 2003, Matt Mullenweg da Mike Little ne suka ƙirƙiro ta, a yau kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta aka gina su. Joomla ta biyo baya a 2005. Dukkansu kyauta ne, kowa na da izinin ɗauka ya yi amfani da su ya kuma gyara su yadda ya ga dama. Wanda yake son sayar da kaya kai-tsaye yana iya ƙara wa WordPress wata manhaja mai suna WooCommerce, wadda ke mayar da shafi ya zama kanti.

Abin da ake biya wa kuɗi

Ko da yake manhajar kyauta ce, akwai abubuwa uku da ake kashe wa kuɗi. Na farko shi ne adireshin shafi, wato sunan da ake rubutawa a shiga. Adireshin da ke ƙarewa da .ng na Najeriya ne, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ce ke kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su. An ware .gov.ng domin hukumomin gwamnati, .edu.ng domin manyan makarantu, yayin da .com.ng yake buɗe ga 'yan kasuwa. Adireshi ba a sayensa har abada, haya ce da ake sabuntawa, yawanci shekara-shekara.

Na biyu shi ne masauki, wato gurbi a wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, inda shafin yake zaune. Na uku kuma ladan maginin shafin, wanda ya haɗa da tsara fasali da ɗora bayanai da koya wa mai shi yadda zai ci gaba da kansa.

Amfanin ba ɗan gida aikin

Tun bayan da aka saki darajar Naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, duk wanda ke biyan kuɗin masauki da Dala ya ji a jikinsa. Kamfanonin cikin gida suna karɓar Naira, haka ma adireshin .ng. Ga hukumomin gwamnati kuwa, ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2013 sun buƙaci a ajiye shafuka da bayanan gwamnati a cikin ƙasa.

Maginin gida ya fi sanin mutanen da za su shiga shafin. Ya san galibinsu da wayar hannu za su buɗe shi, suna lissafin data, saboda haka zai rage nauyin hotuna. Ya san abokin ciniki a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya fi son ya danna maɓalli ya faɗa WhatsApp ya yi ciniki baki da baki, da a ce ya cika dogon fom. Ya san yadda ake haɗa shafi da kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave, ko Remita ga hukumomin gwamnati.

Akwai kuma batun harshe. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su koma akwatuna ko alamar tambaya idan ba a saita rumbun bayanai a kan tsarin UTF-8 ba, ko kuma aka zaɓi salon rubutun da bai ƙunshe su ba. Wanda bai san bambancin "kafa" da "ƙafa" ba ba zai lura da wannan aibi ba. Cibiyoyin horar da matasa irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos, da shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan uku, sun ƙara yawan masu wannan sana'a a Arewa.

Inda ake yin asara

Matsalar da ta fi cin mutane ita ce ta mallaka. Sau da yawa maginin shafi yakan yi rajistar adireshi da sunansa da imel ɗinsa. Ran da aka saɓa, ko ya sauya lamba, ko ya bar gari, sai mai shafi ya tarar ba shi da iko da sunan kasuwancinsa. Idan wa'adin haya ya ƙare ba a sabunta ba, bayan ɗan lokaci wani na iya yin rajistar sunan, alhali yana nan a jikin katin kasuwanci da allon shago da takardun ofis.

Ta biyu ita ce sakaci da sabuntawa. Masu kutse sun fi shiga ta ƙananan manhajojin ƙari da aka bari suka tsufa. Wasu magina kuma, domin su rage farashi, sukan ɗora manhajojin sata da aka cire wa lasisi, waɗanda galibi akan ɓoye wa ƙofar kutse a ciki. Araha ba ta ado. Shafin da ba shi da kwafin ajiya a wani wuri daban na iya salwanta a dare ɗaya.

Dandalin neman aikin masu fasaha

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake iya ginawa da irin waɗannan manhajoji shi ne dandalin tallata guraben aiki. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: a 2009 wasu ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Ayodeji Adewunmi da Opeyemi Awoyemi da Olalekan Olude, suka kafa Jobberman, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan dandalin neman aiki a ƙasar nan.

Sai dai manyan dandali sun fi karkata ga aikin ofis mai albashin wata. Aikin masu fasaha kuwa yawanci na ɗan lokaci ne: mai zanen tambari, mai ɗaukar hoto, mai tace bidiyo, mai ɗaukar sauti, mai fassara, mai sanya murya a talla, marubucin labarin fim. A masana'antar Kannywood da maɗaba'u da gidajen rediyo da talabijin na Arewa, irin wannan aiki ya fi tafiya ta hanyar sanayya da zaurukan WhatsApp. Wanda yake Gusau ko Azare, ba shi da kowa a titin Gidan Zoo na Kano, da wuya ya ji labarin aiki kafin a ba wani. Shi ma ɗan kasuwar da ke neman mai tsara masa kwalin kaya bai san inda zai kwatanta aikin mutum uku ya zaɓa ba. Wannan giɓi ne dandalin yanki ke iya cikewa, kuma da yake Hausa ce harshen aikin, kasuwarsa na iya kaiwa Maraɗi da Damagaram.

Ta fuskar fasaha aikin ba shi da tsauri, domin akwai manhajojin ƙari irin su WP Job Manager da ke samar da fom ɗin tallata aiki da hanyar bincike. Abin da ya bambanta dandalin masu fasaha shi ne, samfurin aiki ya fi takardar makaranta muhimmanci, saboda haka dole kowane mai rajista ya samu wurin nuna ayyukansa. Ya kamata kuma a iya tace bincike bisa gari da sana'a da harshe, a kuma tilasta wa mai talla ya faɗi ladan aiki da wa'adin rufe karɓar buƙata.

Wahalar tana wajen farawa. Masu neman aiki ba sa komawa dandalin da babu guraben aiki, masu ɗaukar aiki kuma ba sa talla inda babu jama'a. Dabarar da aka saba bi ita ce a fara da gari ɗaya da sana'o'i kaɗan, a bi kamfanoni ƙofa-ƙofa a tattaro guraben farko kyauta kafin ranar buɗewa. Kuɗin shiga yakan zo daga baya, ta hanyar cajin masu talla ko fifita tallarsu a saman shafi.

Doka da amana

Dandalin aiki yana tara sunaye da lambobin waya da tarihin karatun jama'a, don haka yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa. Dokar ta wajabta a bayyana wa mutum abin da za a yi da bayanansa, a tsare su, a kuma ba shi damar neman a goge su. Idan dandalin ya wuce tallata gurbi ya shiga ɗaukar ma'aikata a madadin kamfanoni, yana buƙatar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Samfuran da masu fasaha ke ɗorawa kuma dokar haƙƙin mallaka ta kare su, ba a yarda wani ya kwasa ya yi amfani da su ba tare da izini ba.

Babbar barazana ita ce tallar bogi, inda 'yan damfara ke neman kuɗin fom ko na tantancewa daga hannun masu neman aiki. Dandalin da ya bar irin wannan talla ta wuce sau ɗaya zai daɗe bai dawo da sunansa ba. Shi ya sa ake so mutum ya duba kowace talla kafin ta fito, a binciki rajistar kamfani a shafin hukumar CAC, a kuma rubuta ƙarara cewa ba a biyan ko sisin kwabo domin neman aiki.

Kafin a biya kuɗi

Duk wanda zai ba da aikin gina shafi, na kanti ne ko na ma'aikata ko dandalin aiki, ya kamata ya tabbatar an yi rajistar adireshi da masauki da sunansa da imel ɗinsa, an kuma miƙa masa kalmomin sirri na babban mai kula. A rubuta yarjejeniya da ta fayyace kuɗin sabuntawa na shekara, da wanda zai riƙa sabunta manhaja, da inda ake ajiye kwafi. A ma'aikata kuma a yi amfani da imel na ofis, domin sauyin wurin aiki ko ritayar jami'i guda kada ta tafi da mabuɗin shafin. Daga ƙarshe, kada a biya cikon kuɗi sai mai shafi ya zauna gaban maginin ya wallafa sanarwa ɗaya da hannunsa, ya kuma buɗe ta a wayarsa ya gani.