Dalilin da Ya Sa Injin Jan Igiya Bai Kau Ba

A 1909 Ole Evinrude ya fara sayar da injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale, a Milwaukee ta Amurka. Shekaru da dama, tayar da irinsa da sanyin safiya abu biyu yake bukata: filogi ya ba da wuta, cok ya toshe iska fetur ya ƙaru a kafireta. In ya ƙi tashi, makanike ya kwance filogi ya duba, a jiƙe yake ko a bushe. Za a ce injinan zamani masu kwamfuta sun fi saurin tashi da tsimin mai. Haka ne, kuma dokokin hayaƙi na Amurka daga 1998 suka tura kamfanoni can. Amma masuncin Baga ko Yawuri Yamaha mai igiya yake nema, domin ita ake iya gyarawa a bakin ruwa.