Yadda Aka Fara Ɗiban Hantar Mai Rai Don A Ceci Majiyyaci

Allah ya yi wa hanta wata baiwa mai ban mamaki, watau in an yanke wani sashe nata, sai ta sake tofowa. Amma duk da haka likitoci sun daɗe suna tsoron taɓa ta, domin cike take da jijiyoyin jini, wuƙa kuwa ba ta da ido.

Cikin shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a ɗauki hoton ƙashi. Sai dai wannan hoto bai nuna cikin hanta sosai ba, don ita tsoka ce. A 1957 wani likitan Faransa, Couinaud, wanda ya daɗe yana ɗura wa hantar matattu wani ruwa mai daskarewa yana bin sawun jijiyoyinta, ya bayyana cewa hanta kashi takwas ce, kowane kashi da nasa jijiyoyi. Ashe ana iya cire wani, sauran su rayu.

A 1963 Likita Starzl ya fara dashen hanta a Amurka, amma ta mamaci ce. Sa'an nan a 1971, a Ingila, aka fara aiki da na'urar Hounsfield, wadda ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, kamar yadda ake yanka doya. Da kai aka fara, daga baya aka kai ga ciki.

To, a 1989, a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya, Likita Strong ya ɗebi ɗan yankin hantar wata mace ya dasa wa ɗanta, duka biyu kuwa suka rayu.

Wannan fiɗa tana da nauyi ƙwarai, gama mai bayarwa lafiyayye ne, don ceton wani kaɗai za a tsaga shi. Saboda haka kafin a taɓa shi sai an ɗauki hoton hantarsa, an auna girman kowane sashe, an ga inda jijiyoyi suka bi. Ƙa'idar likitoci ita ce a bar masa wajen kashi 30 cikin 100 ko fiye. In hoto ya nuna abin da zai rage bai isa ba, sai a ba shi haƙuri a nemi wani, ko da uwa ce ko uba. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.