Ajiye kwafin shafin intanet

Ajiye kwafin shafin intanet shi ne kwafe fayilolin shafi da rumbun bayanansa a adana su a wani wuri daban, don a iya farfaɗo da shi idan ya lalace ko aka yi masa kutse. A WordPress, hotuna suna cikin fayiloli, rubuce-rubuce kuwa suna rumbun MySQL, wanda ake fitarwa da mysqldump. Kwafin ɗaya daga cikinsu kaɗai ba ya wadatarwa.

Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg, Faransa. Wasu masu shafuka sun yi asarar komai, domin kwafin nasu ma yana wurin. Don guje wa irin wannan asara, ƙa'idar 3-2-1 tana buƙatar kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya a nesa.